Ina za mu nemo wa ɗakin karatun unguwa tallafi?

Malama ta Tudun Jukun: Assalamu alaikum jama'a. Ɗakin karatun nan da ƙungiyar unguwa ke kula da shi, daminar bana ta gama da kwanon. Silin ya rufto ta kusurwar gabas, gara kuma ta shiga kanta biyu. Jiya na ɗaga wani ƙamus, bangon ne kawai ya biyo hannuna, cikin ya zama ƙasa. Kuma yara ba su fasa zuwa ba, bayan la'asar sai ka ga wasu a tabarma don kujeru sun kasa. Don Allah wa ya san inda ake neman tallafi, da yadda ake nema?

Ɗan Samaru: Wa alaikumus salam. Ku rubuta wa TETFund, asusun tallafa wa ilimi na gwamnatin tarayya, mana, ai suna da kason laburare.

Baban Khalifa: A'a ƙanena. TETFund manyan makarantun gwamnati kaɗai take ba wa, jami'a, kwalejin ilimi, foliteknik. Irin su ABU da Nuhu Bamalli. Haka dokarta ta 2011 ta tanada. Laburaren unguwa ko takardarsa ba za a buɗe ba.

Ɗan Samaru: To na ƙaru.

Tsohon Hedimasta: Malama, kafin a kai ga wa zai bayar, bari in ba ki labarin abin da ya same mu, don kada a maimaita. Shekarun baya mu ma mun tashi gyara namu. Aka haɗa mu da wani mutum, ya zo da kwamfuta a jaka da kati mai tambari, ya ce shi aikinsa ke nan rubuta wa ƙungiyoyi takardar neman tallafi, kuma yana da hanya a Abuja. Ya ce akwai kuɗin fom, akwai kuɗin rubutu, akwai na bibiya. Muka yi karo-karo. Wallahi har da wata tsohuwa mai ƙosai da ta kawo nata a ƙulle a bakin zane, don jikanta a nan yake karatu. Bayan sati uku ya kawo mana takarda mai shafi kusan talatin da Turanci mai nauyi. Da na zauna na karanta da daddare, sai na tarar a shafi na tara sunan wani gari ne na kudu, ya manta bai goge ba. Ashe tsohuwar takardar wasu ce ya sauya wa suna. Na kira shi, ya ce kuskuren mai buga takarda ne. Daga nan waya ta daina shiga.

Abin da ya fi ci mini rai ba kuɗin ba ne. Ranar da na je gaya wa tsohuwar nan, ba ta ce komai ba, sai ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta ci gaba da juya ƙosanta. Har yau in na bi ta wurin sai na ji nauyi.

Daga baya wani ɗalibina da ke aiki da ƙungiyoyi ya zaunar da ni ya nuna mini cewa ko da takardar ta gaskiya ce, ba za mu samu ba. Ba mu da rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ba mu da asusun banki da sunan ƙungiya, kuɗinmu a asusun ma'aji yake. Babu mai tallafin da zai tura kuɗi asusun mutum ɗaya. Saboda haka ku fara da takardunku. Kuma duk wanda ya ce a biya kuɗin fom, ku tashi ku bar masa wurin. Masu bayar da tallafi na gaskiya ba sa sayar da fom.

Maman Biyu: Innalillahi. Allah ya isar wa baiwar Allahn nan.

Lauyan zaure: Baba ya faɗi gaskiya. Rajistar amintattu ake yi a CAC, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Za ku fitar da amintattu, ku rubuta tsarin mulkin ƙungiya, a buga sanarwa a jarida, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Bayan ta fito sai lambar haraji, sai takardar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, don banki zai tambaye ta. Asusun kuma a sa hannun mutum biyu ko uku, kada ya zama ɗaya.

Malama ta Tudun Jukun: Ranka ya daɗe, rajistar ƙaramar hukuma da muke da ita fa?

Lauyan zaure: Tana da amfani a gida, ku riƙe ta. Amma na waje ta CAC suke nema.

Bakano a Sabon Gari: Ikon Allah, Zage-zagi da kuke cewa ku ne birnin ilimi, yau kwano ɗaya ya gagare ku? Ku kawo laburaren Kano mu riƙe muku.

Na Ƙofar Doka: Kai dai yi shiru. Lokacin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a nan Zariya a 1939, kakanka yana Kurmi yana kirga kwabon.

Bakano a Sabon Gari: To ai da kwabon ake sayen kwano, yaya.

Admin: Ku bari mana, magana ake ta kirki.

Ma'aikaciyar laburare, Kongo: Malama, ki raba buƙatunku gida uku, don ba mutum ɗaya ke ɗaukar duka ba. Gini daban, littattafai daban, kwamfuta da intanet daban. Na gini, ku duba ofishin jakadancin Japan a Abuja, suna da shirin tallafa wa ƙananan ayyukan al'umma, irin ajujuwa da rijiyoyi da ɗakunan shan magani. Ƙungiya mai rajista da tarihin aiki suke so, da ƙiyasin kuɗi daga 'yan kwangila, da shaidar filin na waye. Littattafai kuma akwai Book Aid International ta Ingila, amma su ba kuɗi suke bayarwa ba, littattafai ne, kuma ta hannun abokan hulɗarsu suke bi. Na kwamfuta, asusun USPF na faɗaɗa hanyoyin sadarwa, da ke ƙarƙashin hukumar sadarwa ta ƙasa NCC, ya yi aikin sa wa laburarori na'urori da intanet. Ki kuma riƙa leƙa shafin AfLIA, ƙungiyar laburarorin Afirka da ke Accra, da reshen Kaduna na ƙungiyar ma'aikatan laburare ta ƙasa. Nan ake fara jin sanarwa.

Amma abu ɗaya da nake roƙon ki, daga gobe ki ajiye littafin rajista a bakin ƙofa. Duk wanda ya shigo ya rubuta suna, shekaru, mace ko namiji, me ya zo yi. Wata uku kawai. In kika rubuta "yara da yawa suna zuwa" ba wanda zai motsa. In kika ce ga adadin 'yan mata da suka zo shirin JAMB a watan jiya, ga hoton silin ɗin, ga abin da unguwa ta tara da kanta, to an fara sauraron ki.

Maman Biyu: Littattafan Ingilan nan akwai na Hausa a ciki?

Ma'aikaciyar laburare, Kongo: Galibi na Turanci ne, Hajiya. Na Hausa mu za mu saya, ku sa shi cikin kasafi.

Maman Biyu: To a sa. 'Ya'yana in ba na Hausa suka fara gani ba, ba sa zama.

Baban Khalifa: Af, na tuna. Ba a ɗakin nan ne aka ajiye akwatin rubuce-rubucen marigayi liman ba? Na ajami da na Larabci? In suna nan, laburaren Birtaniya yana da shirin ceto tsofaffin takardu tun 2004. Ana ɗaukar hotonsu a nan, asalin ya zauna a hannun masu shi. Ku tuntuɓi malaman tarihi na ABU, sun saba da irin aikin.

Malama ta Tudun Jukun: Suna nan, na mayar da akwatin ɗakina tun da ruwa ya fara.

Na Ƙofar Doka: A nemi izinin magada tukuna. Ba kowa ke son a sa takardun kakansa a intanet ba.

Baban Khalifa: Wannan haka yake.

Alhaji na Tudun Wada: Ni duk ban gane wannan dogon zagaye ba. Kwano bandir nawa ne? Sai mun je Japan? A sanar a masallacin Juma'a, a je wa masu hali na unguwa, a nuna musu sadaka mai gudana ce. Ɗan majalisa ma yana da kuɗin aikin mazaɓa.

Ɗan Samaru: Alhaji in ɗan siyasa ya shigo, gobe sai ka ga an shafe bangon da fentin jam'iyya.

Alhaji na Tudun Wada: Ya shafa mana, in dai ruwa ya daina zuba a kan littafi.

Ɗan Samaru: Ni dai ban yarda ba. Rabin unguwa za su daina turo 'ya'yansu.

Tsohon Hedimasta: Ku duka kuna da hujja. Amma Alhaji ya fi kusa da gaskiya a kan kwanon. Tallafin waje daga rubutawa zuwa amsa yakan ci watanni, wata damina za ta riske ku kuna jira. Rufin mu yi da kanmu, kuma a riƙe rasit na kowace ƙusa, shi ne shaidar da za ku nuna wa na waje gobe.

Alhaji na Tudun Wada: A rubuta mini bandir ɗaya. Kafinta ya zo shago ya same ni bayan azahar.

Maman Biyu: Allah ya saka da alheri, Alhaji. Garar fa? Wa ya san mai feshi na kirki?

Na Ƙofar Doka: Akwai wani a PZ, zan turo miki lambarsa ta gefe. Amma a fitar da littattafan su sha iska a inuwa tukuna, kada a shanya su a rana, takarda na karyewa.

Malama ta Tudun Jukun: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Lauya, amintattun mutum nawa za mu fitar? Kuma mace za ta iya shiga?

Lauyan zaure: Za ta iya sosai. Ki same ni Asabar da tsarin mulkinku na yanzu, mu duba tare.

Bakano a Sabon Gari: Ni ma a sa mini buhun siminti biyu, kada a ce Kanawa surutu kawai muka iya.