Ian Carr da kakakin Turawa a ƙurar Sudan

Ɗan Maiurno: 'Yan'uwa, wane ne Ian Carr? Kuma me ke sa fistocin kakakina na Turawa, wato maɓallan da ake dannawa da yatsu, maƙalewa?

Baban Hafsa: Mabushin kakakin Turawa ne a salon kiɗan jaz, haifaffen Sikotilan, 1933, ya rasu 2009. Ya kafa ƙungiyar kiɗa ta Nucleus a 1969, ya rubuta tarihin Miles Davis, shahararren mabushin kakakin jaz ɗan Amurka, a 1982. Alƙalaminsa bai gaza bushinsa ba.

Malam Na Kassala: Maƙalewar fistoci kuwa, ƙura ce, ɗana. Zaro fistocin uku ɗaya bayan ɗaya, kowanne da lambarsa. In ka sauya musu gurbi, iska ba za ta wuce ba. Goge da ƙyalle mai laushi, ɗiga man fistan sau uku.

Baban Hafsa: Ban da man girki, daskarewa yake yi.