Ku taimaka min, "where" da "which" sun rikita ni

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni 'yar Aboabo ce a nan Kumasi. Zan sake zama jarrabawar Turanci ta WASSCE, wadda muke kira Nov/Dec, don makarantar koyon aikin jinya ba ta karɓar abin da ya gaza C6. An koya mana cewa "where" na wuri ne. Na rubuta "Kejetia is the market where I like most", malamin darasin yamma ya zizara min jan biro. Shin Kejetia ba wuri ba ne?

Wani malami daga Asawase: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Wuri ne mana, amma ba sunan da ya gabata kaɗai ake dubawa ba. Ki ɗauki abin da ya biyo baya ki karanta shi shi kaɗai. "I like most": kina son me? Maganar ba ta cika ba, akwai gurbi, kuma "which" ko "that" ne ke cike shi. Kina ma iya barinsu: "the market I like most". Yanzu dubi "the market where my mother sells cloth". "My mother sells cloth" magana ce da ta tsaya da ƙafarta, abin da ya rage kawai a ce a ina, shi ne aikin "where". Haka "when" take: "the day when he arrived", amma "the day that I will never forget". Wannan gwajin na fi yarda da shi a kan haddace jadawali.

Wata yaya daga Nima: Ki kula da wani abu da ke kayar da yaranmu da yawa. Da Hausa daidai ne mu ce "yaron da na ba shi kuɗi", sai mu kwashe mu rubuta "the boy who I gave him money". Turanci ba ya son wannan "him" ɗin. "The boy I gave money to", ko a takarda "the boy to whom I gave money".

Wani ɗalibin jami'a: Kuma in bayani ne na ƙari tsakanin waƙafi biyu, "that" ba ta shiga: "Kumasi, which is the Ashanti regional capital, is busy."

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Malam, "whose" fa, na mutane ne kaɗai?

Malamin: A'a, har abubuwa. "A trotro whose brakes failed" daidai ne, ki rubuta ba fargaba. Allah ya ba da sa'a.