Hutun haihuwa ga maza: haƙƙi ne ko kwaikwayon Turawa?

Alhaji Akanta: Salamu alaikum jama'a. Ra'ayina shi ne, duk abin nan da ake kira daidaiton jinsi, mata ke ci, maza ke biya. Ko hutun kwana 14 da Gwamnatin Tarayya ta ba maza ma'aikatanta idan matansu sun haihu, wanda ake nuna mana a matsayin rabonmu, ban ga amfaninsa a ƙasar Hausa ba. Mai jego tana da uwa, tana da gwaggo, tana da mai yi mata wanka. In haihuwar fari ce ma tana gidan iyayenta. Aikin namiji itacen wanka, kayan barka da ragon suna, kuma duk kuɗi suke nema. Zaman gida ba ya kawo ko ɗaya.

Barista: Wa alaikumus salam, Alhaji. Mu fara tsayar da abin da ke rubuce. Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da hutun a Satumban 2021, takardar umarni daga ofishin Shugabar Ma'aikata ta fito a Nuwamban 2022. Kwanakin aiki 14 ne, wato kusan mako uku in an haɗa da Asabar da Lahadi. Sau ɗaya ake ɗauka a cikin shekara biyu, kuma na 'ya'ya huɗu kaɗai. Ana haɗa takardar neman hutun da rahoton asibiti mai nuna ranar da ake sa ran haihuwa. Jihar Legas ta riga su, tun 2014 ta ba da kwana 10 na 'ya'ya biyun farko.

Wannan duk na ma'aikatan gwamnati ne. Dokar Ƙwadago ba ta ambaci uba ba ko sau ɗaya a wannan babin. Sashe na 54 ya ba mace mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida a wurin aikin, sai rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Direban kamfani ko malamin makarantar kuɗi da matarsa ta kwana tana naƙuda, doka ba ta ba shi ko wuni ɗaya ba. Wanda aka bari a baya a nan namiji ne.

Sista Mai Awo: Ranka ya daɗe Alhaji, uwa da gwaggo suna ƙoƙari, Allah Ya saka musu. Amma akwai abubuwan da ba a hannunsu suke ba. Masana lafiyar mata suna maganar jinkiri uku da ke kashe mai haihuwa: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na farko da na biyu a gidajenmu kusan kullum a wuyan miji suke. Shi ake jira ya ba da izini, shi ke da kuɗin mota, shi ake nema ya sa hannu in za a yi tiyata, shi ake cewa ya nemo ledar jini.

Ga abin da ke faruwa a kwanakin nan. Zubar jini mafi haɗari yakan zo ne cikin awa 24 na farko. In jinin ya kai rabin lita bayan haihuwa ta al'ada an shiga haɗari, kuma alamar da kowa zai gane ita ce ƙunzugu ya jiƙe sharkaf cikin ƙasa da awa ɗaya, ko guda-gudan jini suna fita, ko tana jiri da gumi mai sanyi. Mace na iya rasuwa cikin awa biyu in ba a tsayar da shi ba. Jijjiga kuma ba ta ƙarewa da haihuwa, tana iya tasowa kwanaki bayanta: ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, ciwo a saman ciki. Zazzaɓi da fitar ruwa mai wari alamar ciwon mahaifa ne. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciyar masu jego a yankinmu, wanda ke zuwa da haki, kumburin ƙafa da tarin dare, har mace ta kasa kwanciya sai a jingine. Sau da yawa tsofaffi cewa suke yi ɗanyen jego ne, a ƙara ruwan zafi.

Jaririn ma haka. Ana so a duba uwa da ɗa cikin awa 24, sai rana ta 3, sai tsakanin kwana 7 da 14, sai mako 6. Uku daga cikin huɗun nan sun faɗo cikin hutun da kake cewa ba shi da amfani. Ga rigakafin tarin fuka, shan inna da ciwon hanta da ake yi tun daga haihuwa. In jariri ya ƙi kama nono, ko numfashinsa ya kai 60 a minti, ko tafin hannunsa ya yi rawaya, asibiti ake zuwa a daren, ba a jiran gari ya waye. Wa zai kai su ƙarfe biyun dare in maigida yana Abuja wajen aiki?

Alhaji Akanta: Sista, ban musa ko ɗaya ba. Amma wannan hujja ce ta a wayar wa maza kai. Ba hujjar daidaito ba ce.

Malam: Alhaji ya taɓo wurin da nake tsaye. Ni kalmar adalci na fi yarda da ita, domin shari'a ba ta ɗora wa miji da mata nauyi iri ɗaya ba. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita. Shi ya sa lokacin da ƙudirin daidaiton jinsi na Sanata Biodun Olujimi ya zo gaban Majalisar Dattawa a Maris 2016, aka yi watsi da shi, kuma maganar gado tana cikin abin da ya tayar da hankalin mutanenmu. A kan gado har gobe ba na tare da su.

Sai dai kada ƙin wancan ya sa mu ƙi gaskiya. Sayyidina Usman bai halarci Badar ba saboda jinyar matarsa Ruƙayya, 'yar Manzon Allah (SAW), kuma aka ba shi ladan wanda ya halarta da kasonsa na ganima. Nana A'isha da aka tambaye ta me Annabi yake yi a gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Duka biyun suna cikin Bukhari. Alkunyar da ke hana mutum ɗaukar ɗan farinsa ko kiran sunansa al'ada ce, kada a jingina ta ga addini.

Ƙorafina da takardar gwamnati daban ne. Sau ɗaya cikin shekara biyu, 'ya'ya huɗu: an rubuta ta ne da mai mace ɗaya a zuciya. Mai mata biyu da suka haihu a shekara guda zai zauna da ɗaya, ya bar ɗaya. Doka ce ta tilasta masa rashin adalci tsakanin matansa.

Hajiya Darakta: Allah Ya gafarta Malam, wannan gyara ne mai kyau, kuma ban taɓa jin an kai shi gaban gwamnati da ƙarfi ba. Alhaji, kai mutumin lissafi ne, mu yi lissafi. Mai kamfani na da gurbi ɗaya, albashi mafi ƙanƙanta, Naira 70,000. Ga saurayi ga budurwa, takardunsu ɗaya. In ya ɗauki budurwar ta yi aure ta haihu, zai biya rabin albashi na mako 12, kusan Naira 100,000, daga aljihunsa, sannan ya biya wanda zai riƙe aikin. In ya ɗauki saurayin, ko 'ya'ya goma ya haifa, ba ruwan kamfani. Wa kake jin zai ɗauka? Ba sai ya tsani mata ba, dokar ce ta sa mace ta fi tsada.

To, ina namiji ya cutu? Wannan budurwar matar wani ce gobe. In ba ta samu aikin ba, gidan ya tsaya kan albashi ɗaya. Ranar da aka sallami maigidan, ko ciwo ya kwantar da shi, ko ya rasu, babu abin da ke shigowa. Mutumin da ya san haka ba ya iya barin aikin da ake zaluntarsa, ba ya iya komawa karatu, ba ya zuwa asibiti sai an ɗauke shi ranga-ranga. Hawan jinin da ke kayar da magidanta 'yan shekara arba'in da wani abu yana da alaƙa da wannan nauyin da babu mai kama musu.

Claudia Goldin, wadda ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023, ta nuna cewa mafi yawan giɓin albashi tsakanin maza da mata a yau yana buɗewa ne daga haihuwar ɗan fari. Ko a Denmak, bincike ya gano abin da mace ke samu yana raguwa da kusan kashi 20 cikin ɗari bayan haihuwa kuma ba ya dawowa, na miji kuwa ba ya motsi.

Alhaji Akanta: Hajiya, maganarki ce ta ba ni hujja. In hutun mace ya sa ta yi tsada, hutun namiji zai sa kowa ya yi tsada, mai kamfani ya rage ɗaukar ma'aikata gaba ɗaya. Kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Najeriya ba su da takardar ɗaukar aiki. Ɗan acaɓa, mai shayi, manomi, wa zai ba su hutu? Ranar da bai fita ba tukunya ba ta hau wuta.

Hajiya Darakta: Na farkon gaskiya ne matuƙar mai kamfani ke biya shi kaɗai. Shi ya sa Yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000, ta ce hutun haihuwar mace ya zama aƙalla mako 14, aƙalla kashi biyu bisa uku na albashi, kuma kuɗin ya fito daga asusun inshora na bai-ɗaya ko baitulmali. Kamar adashi ne: kowane kamfani yana zubawa bisa yawan albashin da yake biya, ko maza ne ma'aikatansa ko mata, wanda haihuwa ta zo wa ya ɗauka. Muna da irin tsarin a ƙasa, kashi 1 cikin ɗari na albashi da kamfanoni ke zuba wa asusun inshorar ma'aikata na NSITF don diyyar rauni a wurin aiki tun dokar 2010.

Yadda aka tsara hutun ma yana da tasiri. Suwidin ta ba iyaye hutun da za su raba tsakaninsu tun 1974, maza suka bar wa mata kusan duka. Sai a 1995 aka ware wa uba wata ɗaya wanda in bai ɗauka ba ya tafi a banza, aka ƙara na biyu a 2002, na uku a 2016. Yanzu cikin kwana 480, kwana 90 na kowannensu ne, kuma maza na ɗaukar kusan kashi 30 cikin ɗari na kwanakin. Japan ta ba uba damar hutu har shekara guda, amma a 2019 waɗanda suka ɗauka ba su kai kashi 8 cikin ɗari ba, saboda tsoron idon shugaba da abokan aiki. Doka kaɗai ba ta isa ba in babban sakatare da darakta ba su ɗauka an gani ba.

Ɗan Damagaram: Game da ɗan acaɓa da manomi, Alhaji, akwai abin da aka gwada a wajenmu ba tare da an taɓa albashin kowa ba. Makarantar mazaje, wadda aka fara a jihar Damagaram tare da hukumar kula da yawan al'umma ta Majalisar Ɗinkin Duniya (UNFPA), magidanta ne da gari ya yarda da su suke zama a kai a kai da ma'aikacin likita, su duba matan da ba sa zuwa awo da dalili, su je su yi magana da mazajensu, namiji da namiji. Wasu sun gina wa ungozoma ɗaki, wasu sun tsara yadda za a samu amalanke ko mota da dare. Daga baya ta bazu zuwa sauran jihohin Nijar da ƙasashen maƙwabta. Manomi ba ya buƙatar takardar hutu, yana buƙatar ya san alamomin da Sista ta lissafa, ya ajiye kuɗin mota tun cikin yana wata bakwai, ya san rukunin jinin matarsa da mutum biyu da za su ba ta.

Barista: Alhaji, komawa ga maganarka ta farko, cewa maza biya kawai suke yi. Sashe na 282 na Final Kod, dokar laifuka ta Arewa, ya fassara fyaɗe a matsayin abin da namiji ke yi wa mace. Yaron da aka yi wa, sai dai a shigar da ƙararsa ƙarƙashin wani sashe daban. Dokar hana cin zarafin mutane (VAPP) ta 2015, wadda ƙungiyoyin mata suka shafe sama da shekara goma suna turawa, ita ce ta ce wanda aka yi wa fyaɗe na iya zama namiji ko mace. Almajirai da yaran makarantun kwana na cikin masu cin moriyar wannan. Sai sashe na 26 na Kundin Tsarin Mulki: baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya tana iya yin rajistar zama 'yar ƙasa, baƙon da ya auri 'yar Najeriya ba ya iyawa ta wannan hanyar. Bamaraɗen da ya auri Bakatsiniya ya shekara ashirin a Jibiya, shi wannan sashen ya rufe wa ƙofa. Gyaran sa na cikin ƙudirori biyar na haƙƙin mata da Majalisar Tarayya ta kayar a Maris 2022, kuma mata ne suka tare ƙofar majalisar kwanaki suna neman a dawo da shi.

Alhaji Akanta: Na karɓi na fyaɗe da na sashe na 26. Kwanakin farko bayan haihuwa ma na yarda miji ya kasance kusa. Asusun bai-ɗaya ne ban yarda da shi ba tukuna. Ƙananan kamfanoni da yawa ko kashi 10 na fanshon ma'aikata ba sa zubawa a kan lokaci, an cire wa ma'aikaci nasa kashi 8 ɗin ma ba a tura ba. A ƙara musu wani kaso, sai su mayar da kowa ma'aikacin wucin gadi.

Hajiya Darakta: To a fara daga inda ake iya bin sawu: gwamnatocin jihohi, bankuna, kamfanonin sadarwa, jami'o'i, masu biyan albashi ta banki. Kaduna ta kai hutun mata wata shida tun 2019, ba abin da zai hana jihohinmu su haɗa da na maza. A cire ƙa'idar shekara biyu saboda maganar Malam, a ɗaura hutun a kan kowace haihuwa. A bar mutum ya raba kwanakin, bakwai daga ranar haihuwa zuwa suna, sauran ya ajiye su zuwa lokacin da ta dawo daga gidan iyayenta ko masu taya ta zama suka watse, domin a nan ne take zama ita kaɗai da jariri da sauran yara. In tiyata aka yi mata kuwa, mako shida ba ta ɗaukar abu mai nauyi, ko bokitin ruwa, don haka a ƙara masa kwanaki da takardar likita.