Neman shawara: mu canza wa Inna maganin hawan jini saboda abin da waya ta ce?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifiyarmu ta haura shekara sittin, tana fama da hawan jini da ciwon suga. Muna zaune a wani ƙauye kusa da Ringim. Likita ya ɗora ta a kan amlodipine na hawan jini da metformin na suga, jinin ya sauka alhamdulillahi, amma ƙafafunta kan kumbura da yamma. Ƙanina da ke karatu a Dutse ya ɗauki hoton takardun gwajinta ya tura wa ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira a waya, aka ce masa wani maganin hawan jini, lisinopril, yana kare ƙodar masu suga. Yanzu ya dage sai mun sayo a kemis mun canza mata, wai na'urar ta karanta littattafan da likita bai karanta ba. Ranar komawa asibiti da saura, ga kuɗin mota. Me kuka gani?

Maman Hanif: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya. Don girman Allah kada ku taɓa maganin nan sai likita ya gan ta.

Malam Nas: Baban Khalifa, ni ma'aikacin jinya ne. Maganar gaskiya, na'urar ba ƙarya ta yi ba. Amlodipine yakan kumbura ƙafa, kuma ana ba masu suga lisinopril saboda ƙoda. Sai dai kafin a fara shi ana auna aikin ƙoda da sinadarin potassium na jini, bayan an fara a sake aunawa. Yakan sa busasshen tari, wani lokaci kumburin leɓe da harshe, wanda ya fi samun baƙar fata. Sannan shi kaɗai bai cika saukar da jinin baƙar fata kamar amlodipine ba. Binciken CREOLE da aka wallafa a 2019, wanda aka yi a ƙasashen Afirka shida har da Najeriya, ya nuna haɗin magani mai amlodipine a ciki ya fi sauke jini. To ka ga likitan Inna ba da ka ya zaɓa ba. Watakila ma ƙara mata zai yi, ba cirewa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kumburin. Zai iya zama na maganin, zai iya zama zuciya ko ƙoda ce. Likita sai ya danna ƙafar da yatsa, ya saurari ƙirji, ya auna fitsari. Hoton takarda ba zai nuna wannan ba. In tana haki ko ba ta iya kwanciya sai da tulin matashi, gobe ku tafi, kada ku jira ranar da aka rubuta.

Yaya Sani: Ƙanin naka ya gaya wa wayar ko Inna na shan maganin ciwon gwiwa? Tsofaffinmu da yawa na shan diclofenac ba a sani ba, shi kuwa yana tayar da jini, yana taɓa ƙoda. Ga jiƙo, ga kanwa, ga dunƙule da gishiri a miya. Abin da ba a faɗa mata ba, ina za ta san shi?

Abba: Ni dai kada a yi wa yaron faɗa, ƙaunar uwa ce ta sa shi. Ƙirƙirarriyar basira tana da amfani. Ya sa ta fassara masa takardun da Hausa, ta taya shi tsara tambayoyin da zai yi wa likita, ya tafi da su a rubuce.

Baban Khalifa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Sani, na tambaye ta, ashe kuwa tana shan na gwiwar kusan kullum. Malam Nas, ba ta haki. Za mu kai ta ranar Litinin in sha Allahu.

Malam Nas: Madalla. Ta dakatar da na gwiwar tun yau, ta ci gaba da wanda likita ya ba ta. Ku zuba duk abin da take sha a leda ku tafi da shi, har jiƙon.