Neman kalma: me za mu kira "mas" a shirin direbobi?

Mai shirin direbobi: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis da dare zan yi shiri a rediyo kan fitilun remok, wato tirelar da mota ke ja, da ke macewa a hanya. Makon jiya a hanyar Ɗan Isa na tarar da wata kamiyo, babbar motar kaya, cike da buhunan aya, ko fitila ɗaya babu a bayanta, saura kaɗan in shige ƙarƙashinta. Kalmomin fizibil da ampul, wato fiyus da ƙwan fitila, ba su dame ni ba, kowa ya san su. Wadda ta tsaya mini ita ce "mas", kalmar Faransanci da makanikai ke faɗa kan wayar wutar mota. Masu saurarona na ƙauyukan Madarumfa da Tibiri ba duka suka yi lakkol, wato boko, ba, ga kuma na Jibiya. Me zan ce?

Ɗan Jibiya: Wa alaikumus salam. Mu nan ta Ingilishi muka ara, ma'anarta ƙasa. Ka ce wayar ƙasa, shi ke nan.

Baban garaji: A'a, ɗana. Wayar nan ba ruwanta da ƙasa, mota a kan roba take tsaye. Wuta na fitowa daga batir, ta bi waya ta kunna ampul, sannan ta koma batir ta jikin ƙarfen motar. Hanyar komawar nan ita ce mas. Ka ce ƙasa a rediyo, gobe wani ya ɗaura sarƙa tana jan ƙasa ya ce ya gyara. Kuma ka gaya musu alamarta, don ta fi sunan amfani: direba ya taka birki, fitilun baya su dushe, ya sa kilinyota, fitilar nuna kwana, ta hagu, sai ka ga na dama ma suna ƙiftawa a raunane. Ampul ɗin baya zare biyu gare shi, mai wat 21 da mai wat 5. In wuta ta rasa hanyar komawa, sai ta ratsa ta zare na biyu ta shiga layin da ba nata ba. Direba ya yi ta sayen ampul, alhali tsatsa ce ta ci ƙusar da aka ɗaura wayar.

Mushe mai ritaya: Baba ya kawo kalmar da bakinsa: komawa. Muna da mashiga, muna da mafita, muna da mashaya da maƙera. Me ya hana "makoma"? Makomar wuta. Tun 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, amma har yanzu muna fizibil, kilinyota, mas. Abin yana mini ciwo ƙwarai.

Hajiya mai kamiyo: Mushe, don Allah sake karanta abin da ka rubuta. "Makomar wuta" a rediyo, daren Juma'a? Tsofaffi za su yi a'uzubillahi su kashe akwatin.

Mushe mai ritaya: To, makomar lantarki.

Ɗan Jibiya: Lantarkin ma ai aro ne, Malam. Ni dai a bi abin da gidajen rediyon Kano ke faɗa, daidaitacciyar Hausa tasu ce.

Mushe mai ritaya: Ga irinta nan. Duk maganar da aka ɗauko sai a ce a tambayo Kano. Maraɗi Katsinawa suka kafa ta, ga Gobirawa a Tibiri, Hausarmu ba ta aro ba ce. Ƙa'idar rubutu daban, ikon raɗa wa abu suna daban.

Ɗan Jibiya: Ban raina kowa ba. Amma direban da ya ɗauko kaya daga Katsina, in ka ce masa mas, kallonka kawai zai yi.

Mai shirin direbobi: Jama'a, kwana biyu suka rage mini.

Yaron garaji: Maigida, a yi mini afuwa in sa baki. In remok ta zo, abin da kake ce mini kullum shi ne "je ka kankare jiki ka ɗaure farar waya". Ba za a ce wayar jiki ba?

Baban garaji: Yaron nan ya yi magana. Haka nake faɗa ban ma lura ba. Wayar fara ce a ƙa'ida: a fis, wato filogin da ke haɗa wutar mota da remok, mai ƙafa 7 na ƙananan motoci masu volt 12 tana rami na 3, a na manyan kamiyo masu volt 24 tana rami na 1. Sai dai kada su dogara da launi, remok ɗin da ke zuwa mana an sha yi musu ɗori da duk wayar da aka samu. Gwajin mai sauƙi ne: a jawo waya mai kauri daga ƙarfen kan motar zuwa ƙarfen remok, wurin da aka kankare fenti. In fitilu suka daidaita, an kama ɓarawon. Wasu kuma sun bar wutar tana komawa ta wurin da aka haɗa remok da mota, inda giris da ƙura suka cika, shi ya sa fitila ke ɗaukewa duk ramin da aka faɗa.

Hajiya mai kamiyo: Direbana ya ce wayar jiki ya gane nan take.

Mushe mai ritaya: Wannan kwatance ne, ba suna ba. Jikin wa? Sai an ƙara "mota" kafin ta tsaya da ƙafarta. Ban yarda ta fi makoma ba, amma ba zan hana ka aikinka ba.

Mai shirin direbobi: Na gode, Mushe. Da farko zan ce "wayar jikin mota, wadda makanikai ke kira mas", in bayyana cewa ta nan wuta ke komawa, daga nan in ci gaba da wayar jiki. Baba, ka zo ɗakin shiri da ƙarfe 8, ka riƙo fis ɗaya a hannu.

Ɗan Jibiya: Kilinyotar nan fa? Mu sigina muka sani.

Mushe mai ritaya: Maƙifta.

Baban garaji: Ni dai kilinyota zan ce. Zan zo, in Allah ya yarda.