Shawarwari ga Masu Riƙe da Kaset ɗin Bidiyo

A wata tattaunawa da aka yi kan yadda za a adana kaset ɗin VHS, wato kaset ɗin bidiyo irin na da, shawarar da ta fi rinjaye ita ce a gaggauta kwafe abin da ke ciki zuwa kwamfuta, domin zaren kaset yana lalacewa idan ya daɗe, ga shi kuma kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe, ya daina ƙera na'urar kunna shi tun 2016. An kuma ba da shawarar a ajiye kaset a tsaye, nesa da zafi, danshi da maganaɗisu, kada a saka wanda ya yi fumfuna cikin na'ura, saboda yana ɓata kan na'urar, wato ɓangaren da ke karanta hoto. A ganina, kuskure ne a jefar da kaset na asali bayan kwafewa, tunda ma'ajiyar kwamfuta ma takan lalace.