Shin cutar bishiya tana bin ƙwallo?

Maman Hafsat: Assalamu alaikum. Don Allah a taimaka min. A gidanmu na Jos akwai bishiyar fic guda biyu, mai 'ya'ya masu gashi-gashin nan, marigayi Baba ne ya dasa su da hannunsa. Bara aka sayar da gidan wajen rabon gado. Na tara ƙwallayen, na sa su cikin jiƙaƙƙen yashi a firji wata uku, bakwai suka tsiro a buhunan siminti nan Barnawa, Kaduna. Sai jiya yayana yake gaya min ai uwar ta daɗe ganyenta yana zobe-zobe yana hujewa. Biyu cikin nawa ma sun fara. Ta ƙwallo suka ɗauko?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Hajiya, tuge su ki ƙone. A dangin fic da fulam da ceri, wato itatuwan ƙasashen sanyi masu ƙwallo, cututtukan bairos iri-iri ne. Sharka, wadda ta fara bayyana a Bulgeriya, darɓa da auren reshe ke yaɗa ta, ba ƙwallo ba. Amma mai sa zobe da huji a ganye tana bin ƙwallo, tana bin garin fure, ƙudan zuma ma na kai ta wata bishiyar. Kuma ba ta da magani.

Manomin Kujama: Haba Alhaji, duka bakwai? Kuturtar gyaɗa da ta cinye gonaki a 1975 ba iri ya kawo ta ba, darɓa ce. Hajiya ki duba bayan ganyen, in akwai ƙwari ki yi feshi.

Maman Ikram: Ni masu sayar da dashe ne suka ƙona min rai. Mangwaro ɗan aure na saya, shekara biyar ina ban ruwa, ƙarshe mai zare ya fito.

Baban Khalifa: Gyaɗa daban, fic daban. Feshi ƙwaro yake kashewa. Ko lafiyarsu ƙalau ma, fic sanyi take so kafin ta yi fure, zafin Kaduna ba na Jos ba ne.

Maman Hafsat: Alhaji ni ba don sayarwa na shuka ba. Abin da ya rage min na Baba kenan. Kuma biyar ɗin shar suke.

Manomin Kujama: To ki ware biyun, ki kai ganyen cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, a duba miki.

Baban Khalifa: Shar ɗin ba hujja ba ce, tana iya ɓoyewa ba alama.

Maman Hafsat: Na dai matsar da biyun bakin rijiya. Ganyen da za a kai Zariya, ɗanye ake so ko busasshe?